Tambayoyinku: Ya Karɓi Tuƙin Dindindin Ko Ya Tsaya Inda Yake?

Wasiƙu biyu na zaɓo a wannan fitowa, ɗaya daga Daura, ɗaya daga cikin birnin Katsina. Magana ɗaya ce ta haɗa su, amma amsar da zan ba su ba ɗaya ba ce.

TAMBAYA TA FARKO

Assalamu alaikum Malam. Ni dattijo ne a Daura, sana'ata sayar da hatsi. Ina da ɗa a Amurka, shekararsa shida yana aikin loda kaya a kamfanin raba kaya na UPS, aikin rabin yini, daga asuba zuwa hantsi. In ya tashi sai ya ɗauki motarsa ya yi Uber, wato tasi ta manhajar waya, har dare. Ya ce a sati mai kyau yakan haɗa dala 1,300 daga wuraren biyu. Yanzu layi ya zo kansa, an kira shi ya zama direban raba kaya na dindindin. Sai dai ya ce albashin farko bai kai abin da yake samu yanzu ba, dole ya ajiye Uber, kuma zai koma ƙarshen jerin daɗewa a aiki, alhali inda yake yana cikin manya, yana cikin masu fara zaɓar lokacin hutu. Da wannan ne yake samun zuwa gida. Mahaifiyarsa ta ce kada ya saki, tunda muna shirin yi masa aure baɗi, kuma shi ke biyan kuɗin makarantar ƙannensa uku. Ya ce ni zan yanke. Ni kuwa ban san kan abin ba. Me ka gani?

Wani uba daga Daura

AMSA

Wa'alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara girma. Ba zan ja ka da nisa ba. In yaron nan lafiyarsa ƙalau, kuma niyyarsa ya daɗe a ƙasar, to ya karɓa. Amma ka saurari dalilina, domin akwai shekara uku zuwa huɗu masu tsauri a ciki, kuma ku na gida ne za ku fara jin su a jika.

Direbobin wannan kamfani suna ƙarƙashin ƙungiyar ƙwadago da ake kira Teamsters, tsohuwar ƙungiya ce tun 1903. Albashinsu ba manaja ne ke yanke shi da son ransa ba, a rubuce yake cikin yarjejeniyar da ƙungiya da kamfani suka sa wa hannu. Wadda ake aiki da ita ta fara ranar 1 ga Agustan 2023, za ta ƙare ranar 31 ga Yulin 2028, kuma ta shafi ma'aikata kusan 340,000. Abin da ta ce game da sabon direban dindindin shi ne: ya fara da dala 23 a awa. Bayan wata 12 ya koma 24. Bayan wata 24 ya koma 25. Bayan wata 36 ya koma 30.75. Ranar da ya cika wata 48 sai ya haye albashin manya, wanda zai kai kimanin dala 49 a awa kafin yarjejeniyar ta ƙare.

Ka duba yadda aka gina matakalar nan, Alhaji. Dala ɗaya, dala ɗaya, sannan biyar da wani abu, sannan tsalle guda mai girma a ƙarshe. Duk romon yana can bayan shekara huɗu. Wanda ya gaji ya ajiye a shekara ta biyu ya yi wa kamfani aiki da araha, ya tafi bai ci komai ba.

Mu yi lissafin da ɗanka ya yi. Dala 23 sau awa 40 ya ba da dala 920 a sati. In ka ajiye ta kusa da 1,300 ai ba ka buƙatar akawu ya gaya maka wadda ta fi, kuma na tabbata nan Hajiya ta tsaya. Sai dai 1,300 ɗin nan ba tasa ba ce duka. Kuɗin Uber, kafin ya zama na aljihu, sai an cire mai, an cire inshorar mota, taya, birki, juyen baƙin mai, da tsufan da motar ke yi kullum. Ga haraji: mai aikin kansa a Amurka shi ke biyan kashi 15.3 cikin ɗari na harajin tsufa da lafiya shi kaɗai, alhali ma'aikacin kamfani rabin wannan yake biya, kamfani ya cika sauran. Kuma ka lura da abin da ya ce, "a sati mai kyau". Satin da ba shi da kyau fa?

A ɗaya ɓangaren, direban raba kaya ba kasafai yake tashi a awa takwas cif ba. Duk abin da ya haura takwas a yini ana biyan sa ninki ɗaya da rabi, wato dala 34.50 ga mai karɓar 23. Awa goma na ƙarin lokaci a sati ya kawo dala 345, jimla 1,265, motar kamfani, man kamfani. Tazarar da ta ba ku tsoro ta kusa cikewa ke nan tun shekarar farko, in dai aikin yana gudana kullum. Wannan "in dai" ɗin zan dawo kansa.

In ya kai albashin manya kuwa, dala 49 sau awa 40 sau sati 52 ya haura dala 100,000 a shekara, ba a ma sa ƙarin lokaci ba. Wataƙila ka ji ana yaɗa cewa direbobin nan dala 170,000 suke ɗauka. Shugabar kamfanin ce ta faɗi wannan adadi a 2023, amma ta haɗa ne da kuɗin inshorar lafiya da fansho da kamfani ke zubawa a madadin direba. Ba kuɗin da ke shiga asusunsa ba ne, kada kowa a gida ya ɗora buri a kai.

Ga wurin da nake so ka fi riƙewa. Mutane in suna auna irin wannan, sai su ce bari a jinkirta shekara ɗaya, a gama biki, a gama kaza, ai ba a rasa komai ba tunda albashin farkon ma bai taka kara ya karya ba. Ba haka lissafin yake ba. Shekarun haƙurin nan huɗu suna nan suna jiran sa ko yaushe ya shiga, ba za su ragu ba. Abin da jinkiri ke cinyewa shekara ɗaya ce daga shekarun albashin manya, can a ƙarshen aikinsa, lokacin da gwiwa ta fara ciwo. Kuma ba wannan kaɗai ba. Duk wanda ya sa hannu a cikin shekarar da ya tsaya jira ya shiga gabansa a jeri, kuma ya shiga ke nan har su yi ritaya. Kamar motocin Kano ne a tashar Daura: wadda ta riga shiga layi ita ke lodi, ko da ta bayanta sabuwa ce dal, ko da direbanta ya fi iya tuƙi.

Me jerin ke sayo wa mutum? Kusan komai. Da shi ake zaɓar unguwar da direba zai riƙa bi kullum. Na sama ya ɗauki hanya mai sauƙi wadda ya san kowace ƙofa da kowane kare a cikinta, na ƙasa ya zama ɗan cike gurbi, yau nan gobe can, duk inda wani ya tafi hutu ko ya kwanta ciwo. Da shi ake zaɓar makonnin hutu. Da shi ake neman hawa manyan tireloli masu kai kaya daga sito zuwa sito, aikin da tsofaffin direbobi ke so saboda babu hawa da sauka da kwali. In kuma aiki ya ja baya, daga ƙasan jeri ake fara cewa a zauna gida.

Nan ne "in dai" ɗin da na ambata. Kakar aikinsu daga Nuwamba ce zuwa ƙarshen Disamba, lokacin sayayyar Kirsimeti. In Janairu ta kama kaya sukan ragu, sabon direba kan iya wayar gari babu mota a gare shi, a mayar da shi cikin sito yana loda kaya na ɗan lokaci. Ga kuma halin da kamfanin ke ciki: a farkon 2025 ya sanar zai rage kayan Amazon, babban kamfanin sayar da kaya ta intanet, da yake ɗauka da fiye da rabi, a watan Afrilun shekarar kuma ya ce zai rage ma'aikata 20,000 ya rufe gine-gine 73. Wannan ba ƙaramar magana ba ce ga wanda sunansa zai zama na ƙarshe. Amma ka juya ta: a lokacin da ake rage mutane aka kira shi. Gurbin dindindin ba kullum yake buɗewa ba, wanda ya ce a'a yau bai san ranar da za a sake kiran sa ba. Sannan duk wanda ya fara tuƙi bayan Yulin 2024, zai cika wata 48 ɗinsa ne bayan wannan yarjejeniya ta ƙare, wato albashin da zai tarar a sama sabon ciniki ne za a yi a 2028. Ƙungiyar dai ba ta wasa ba ce. A 1997 ta tsayar da kamfanin cak na kwana 15 da ma'aikata 185,000, a 2023 ma sai da aka kai bakin yajin aiki kafin a daidaita.

Shekarunsa shida ba duka suka tafi a banza ba. Yawanci ma'aikaci irinsa kwanan wata biyu yake da su: ranar da ya shiga kamfani da ranar da ya zama na dindindin. A wurare da dama ta farko ce ke nuna yawan makonnin hutun da zai samu, ta biyu ce ke nuna wa zai riga wa zaɓa. Kuma yarjejeniyar ta tanadi cewa in ladan awarsa na yanzu ya haura na sabon direba, ba za a rage masa ba, zai tsaya a kansa har matakalar ta cim masa. Sai dai ban da babbar yarjejeniyar ƙasa, kowane yanki yana da ƙaramar tasa, a can ake fayyace irin waɗannan. Ka ce masa kada ya tambayi abokin aiki, kada ya tambayi manaja. Ya sami wakilin ƙungiya na sitonsu ya ce a buɗe masa littafin yankinsu, ya ga shafin da idonsa: wace rana ce ake ƙirga hutu da ita, yaya shekarun rabin yini ke shiga lissafin fansho, kuma direbobi nawa ne aka zaunar a watan Janairun da ya wuce.

Akwai kuma gwaji. Bayan horo, sai ya yi kwana 30 na aiki ana auna shi, saurinsa da kiyayewarsa. Ko gogar madubi ya yi a jikin bango tana iya kayar da shi. Wanda bai haye ba yakan koma aikinsa na da, ya jira wani lokaci kafin ya sake nema. Saboda haka kada ya sayar da motarsa tukuna. Aikin kuma na ƙarfi ne, tsayawa sama da ɗari a yini abu ne da aka saba, kwali har mai nauyin kilo 30 da ɗoriya shi kaɗai zai ɗaga. Tsofaffin motocinsu ba su da na'urar sanyaya wuri, sai a wannan yarjejeniya ne aka amince waɗanda za a saya daga 1 ga Janairun 2024 su zo da ita. Azumi yanzu yana faɗowa a sanyinsu, wannan sauƙi ne.

Juma'a ce za ta fi ba shi wuya. Yanzu yana tashi da hantsi, masallaci ba ya wuce shi. In ya hau mota sai ya nemi a daidaita masa hutun cin abinci da lokacin salla. Dokar Amurka ta 1964 ta wajabta wa kamfani ya sassauta wa ma'aikaci kan addininsa in ba zai jawo babbar asara ba, kuma a 2023 Kotun Ƙolinsu ta ƙara ƙarfafa wannan a shari'ar wani ma'aikacin gidan waya Kirista da ya ƙi aikin Lahadi. Amma tun 1977 kotun ta ce ba dole ba ne a karya tsarin jeri saboda wannan. Ya nema a rubuce, ta hannun wakilin ƙungiya, da ladabi, tun kafin a ba shi hanya.

Batun aure kuwa, Alhaji, gaskiya ita ce Hajiya tana da hujja. Na ƙarshen jeri ba ya samun hutun bazara, ba ya samun Disamba, abin da manya suka bari shi zai tsinta. To ku juya abin. Maimakon ku sa rana ku ce ya zo, ku bari ya zaɓi makonninsa tukuna, sannan ku je gidan surukai da ranar. In hakan bai yiwu ba, ai ɗaurin aure da wakili ba baƙon abu ba ne a Daura, a ɗaura, biki ya biyo baya. Kuɗin makaranta kuma ku zauna ku raba: shekara biyun farko ya riƙe na yara biyu, rumbunka ya riƙe na ɗaya. In kuka bar masa nauyin yadda yake, zai riƙa kwasar ƙarin lokaci har ya ji rauni, ko ya koma satar Uber da dare yana tuƙin kamfani da barci a ido.

Wuri ɗaya ne zan ce kada ya karɓa: in shirinsa ya tattaro ya dawo gida nan da shekara biyu ko uku. Wannan kai da shi ne kuka sani.

TAMBAYA TA BIYU

Salam Baba. Ni matashi ne a Ƙofar Marusa, shekarata tara ina tuƙa a-kori-kurar wani Alhaji, ina ɗaukar kayan 'yan kasuwa daga Babbar Kasuwa zuwa Mashi, Mani, wani lokaci har Mai'adua. Bayan mai da balas ina tashi da dubu bakwai a rana. A tasharmu ina cikin manya, ana ma maganar ba ni muƙami a ƙungiya. Yanzu wani kamfanin raba kayan masarufi yana neman direbobi, albashi dubu 120 a wata, an ce akwai fansho kuma ma'aikatansu suna da ƙungiya. In na lissafa sai in ga nawa ya fi. Amma matata ta ce albashi ya fi kwanciyar hankali. In tafi?

Direba daga Ƙofar Marusa

AMSA

Ɗana, kai ba zan ce maka tafi ba, ba zan ce zauna ba, sai ka ga takarda. Na yi shekaru ina akawun albashi a wani siton raba kaya a garin nan, na san abin da kalmar "an ce" ke jawowa.

Fara da dubu bakwai ɗinka. Ka ninka ta sau 26 ka sami dubu 182, shi ya sa ka ga naka ya fi. Amma yaushe rabon da ka yi kwana 26 cur a wata kana lodi? Cire ranakun da mota ta kwana a gareji, ranakun da ka wuni a tasha ba kaya, ranar da zazzaɓi ya kayar da kai, ranar da Alhaji ya karɓi motar za a kai gara. In kwana 18 ka yi, dubu 126 ke nan. Ka sayi littafin ɗari biyu ka rubuta abin da ka shiga gida da shi kowace rana har wata guda, kada ka dogara da tunani, domin ƙwaƙwalwa ranakun kasuwa kaɗai take riƙewa. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kowane direba ya san yadda ribar hanya ta koma.

Shi ma dubu 120 ɗin ba duka za ka gani ba. Dokar fansho ta 2014 ta ce a cire kashi 8 cikin ɗari daga ma'aikaci, kamfani ya ɗora kashi 10. In a kan dukan albashin aka lissafa, za a cire maka 9,600, su zuba 12,000, wato 21,600 ke shiga asusun tsufanka duk wata. Za a kuma cire kuɗin ƙungiya. Abin da zai zo hannunka zai yi ƙasa da na tasha a wata mai albarka, ya ɗara shi a wata maras kyau. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa tun Yulin 2024 dubu 70 ne, ka san inda tayin nasu ya tsaya ke nan.

Girman da kake da shi a tasha kuwa a tasha zai tsaya. Ƙungiyarku ta NURTW ta masu aikin sufuri ce, tana tsara layi, tana sasanta rigima, tana tsaya maka in ka sami matsala a hanya, amma ba ta yanke wa Alhajinka abin da zai ba ka. Ƙungiyar cikin kamfani aikinta dabam, ita ke zama da masu kamfani a yi cinikin albashi da alawus da sharuɗɗan sallama. Ranar da ka shiga can kai ne ƙarami, ko da wanda ke gabanka yaron motarka ne a da.

Bari in nuna maka yadda safiya take a irin wuraren nan. Ƙarfe shida motoci na jere, an yi musu lodi tun dare. Mai rabon hanya ya fito da takardu a hannu. Tsofaffin direbobi ko matsowa ba sa yi, suna can wurin mai shayi, domin kowa ya san tasa: wannan cikin gari, Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Kwaya, azahar ya gama, wancan Daura, kwalta lafiya lau, dilolin can ba sa wahalar da mutum. Takardun da suka rage a hannunsa su ne na nesa da na hanyoyin da ake fargabar 'yan bindiga, wajen Jibiya, Batsari, Ƙanƙara. Sai ya ɗaga kai ya kira sunan wanda ya zo jiya. Haka za ka yi shekara ɗaya ko biyu. Wannan ba mugunta ba ce, su ma ta nan suka biyo, amma ka shiga da saninsa, ita ma mai ɗakinka ta sani, tunda kwanciyar hankali take nema.

Bambancinka da yaron Amurka shi ne, shi jerinsa a rubuce yake, ana manna shi a bango, in aka tsallake shi zai kai ƙara a biya shi. A nan sau da yawa jerin a bakin mai rabon hanya yake. Dokar ƙwadago tamu ta san da shi, sashe na 20 ya ce in za a rage ma'aikata wanda ya zo ƙarshe shi ke fara tafiya, amma ta ƙara da cewa a duba ƙwarewa da iyawa da riƙon amana. Ta wannan ƙofa ake fitar da wanda aka ga dama in ƙungiya ba ta da ƙarfi. Don haka tambayar farko da za ka yi ita ce: sunan wa zai fito a saman takardar ɗaukar aikina? Kamfanoni da yawa motar tasu ce, rigar tasu ce, amma direban na wani ɗan kwangila ne da ke kawo musu ma'aikata. In haka ne, ƙungiyar da aka gaya maka ta ma'aikatan kamfani ce, mai yiwuwa ba ka cikinta, kuma ranar da kwangila ta ƙare shekarunka sun ƙare tare da ita, sabon ɗan kwangila ya ɗauke ka a matsayin sabo. In wannan ne tayin, zauna a tasharka ka karɓi muƙaminka.

In kuwa kamfanin ne da kansa zai ɗauke ka, to ka nemi ganin abu uku. Takardar sharuɗɗan aiki, wadda sashe na 7 ya ce dole a ba ka cikin wata uku, kai kuwa ka nemi a nuna maka irinta tun kafin ka ajiye makullin Alhaji. Sai shaidar fansho: ka sami direban da ya shekara biyu a can ka roƙe shi ya nuna maka saƙon da kamfanin fansho ke turo masa a waya. In ya ce ana cirewa amma bai taɓa ganin saƙo ba, ka gane. Sai yarjejeniyar da ƙungiyarsu ta yi da kamfani, ko da sakataren reshe ne zai karanta maka: nawa ne kuɗin kwana a hanya, bayan shekara nawa ake ƙarin mataki, me ake ba wanda aka sallama.

Kada ka manta da maganar shoti, domin ita ce ke cinye albashin direbobin raba kaya. Ka fita da katan 400, ka dawo lissafi ya nuna babu uku, ko sun fashe a ramin hanya, ko yaran dila sun yi maka sauri wajen saukewa. Na sha ganin direba ya zo karɓar albashi ya tarar an zabge masa kusan rabi. Sashe na 5 na dokar bai yarda a yanki albashi haka kawai ba, sai asarar da sakaci ko gangancin ma'aikaci ya jawo, da izinin jami'in ƙwadago a rubuce, kuma duk abin da za a cire a wata kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku. Ka tambaya wa ke ƙirga kaya a wurin lodi, kuma ko kana da ikon ƙin sa hannu in ba a ƙirga a gabanka ba. Ka tambayi abin da ke faruwa in an tare mota an kwashe kaya. Doka ta ɗora wa kamfani biyan kashi 1 cikin ɗari na albashin ma'aikatansa ga hukumar NSITF domin diyyar wanda ya ji rauni a bakin aiki, da inshorar rai da ba ta gaza albashin shekara uku ba. Waɗannan biyun babu su a motar Alhaji, kuma a ganina su ne hujjar matarka mafi ƙarfi, sun fi albashin kansa.

In komai ya cika ka tafi, amma ka rabu da Alhaji lafiya, ka kawo masa direban kirki da hannunka, ka ci gaba da biyan kuɗin ƙungiyar tasha har ka fita daga watannin gwaji a ba ka takardar tabbatarwa. Ka duba lasinka ma, in ajin ƙaramar mota ne, babbar motar kaya tana buƙatar a ɗaga shi a ofishin bayar da lasi. Za su kuma nemi mai tsaya maka, mutum ɗaya ko biyu. Kafin ka kai wa kawunka ko limamin unguwa fom ya sa hannu, a karanta masa abin da ke ciki da Hausa, musamman layin da ya faɗi iyakar kuɗin da za a bi shi in kaya suka salwanta a hannunka. In ba a rubuta iyaka ba, ka nemi a rubuta.